Linux ko BSD: wanne za a ɗora wa tsofaffin laftof na makaranta?

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. An ba makarantar da nake koyarwa laftof tokumbo guda goma, yawancinsu HP EliteBook, biyu kuma ThinkPad. Duk Core i5 ne na da, wasu ram giga 4, wasu 8, kuma Windows 10 ke kansu. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta janye tallafinta na yau da kullum daga Windows 10, Windows 11 kuwa ta ƙi hawa, wai babu guntun tsaro na TPM 2.0 kuma injin ya tsufa. Yara za su koyi buga rubutu da lissafi da shiga intanet. Sai kuma kwamfutar tebur guda a ofis, wadda ake ajiye sakamakon jarrabawa da lambobin iyaye. Cikin buɗaɗɗun manhajojin nan na kyauta da ke maye gurbin Windows, irin su Linux da BSD, wanne ya fi tsaro, kuma wanne ya fi sauƙin ɗorawa? Ni kaɗai zan riƙa kula da su, ga kuma aji yana jirana kullum.

Abba: Wa alaikumus salam Malam. Kali Linux mana! Ai ita masana tsaro ke amfani da ita.

Zainab: Abba ƙanena, a'a. Kali kayan aikin masu gwajin kutse ce, an cika ta da manhajojin leƙen hanyar sadarwa da fasa kalmar sirri. Kasancewar masana tsaro na riƙe da ita ba ya nufin ita kanta ta fi tsaro. Har zuwa farkon 2020 ma, in ka ɗora ta da babban asusu na root, mai ikon yin komai, take buɗe maka kai tsaye. Su kansu masu haɗa ta suna faɗa cewa ba don sabon shiga aka yi ta ba. Ka tara 'yan aji uku ka miƙa musu wannan, kafin ƙarshen zango sai mai wayafai na maƙwabta ya kawo ƙara.

Abba: Haba Anti, ai sai su koya 😅

Injiniya Bashir: Malam Sani, tunda tsaro ka sa a gaba, bari in faɗi abin da na san ba za a so ji ba a zauren nan. OpenBSD. Ba Linux ba ce, danginta daban ne. Theo de Raadt ya ɓalle daga NetBSD ya kafa ta a 1995, yana Kanada, kuma tun lokacin aikin mutanenta shi ne bin rubutun manhajar layi-layi suna neman kafa kafin wani ya riga su. In ka ɗora ta, kusan komai a kashe yake sai abin da ka kunna da hannunka. A tsawon shekarun nan sau biyu kacal aka samu kafar da za a iya shigowa daga nesa a kan asalin abin da take zuwa da shi, a 2002 da 2007.

OpenSSH da duniya ke shiga sabobi da ita, daga gidansu ta fito a 1999. Katangar pf, mai tace abin da ke shiga da fita ta hanyar sadarwa, tasu ce. Da ɓarakar Heartbleed ta bayyana a OpenSSL, manhajar ɓoye bayanan da ke yawo a intanet, a 2014, su ne suka ɗauki abin suka zubar da tarkacen da ke ciki suka fitar da LibreSSL. Suna da dabaru biyu, pledge da unveil: manhaja tana yin alƙawarin iyakar abin da za ta yi da iyakar inda za ta leƙa a faifai, in ta tsallake alƙawarin pledge tsarin ya kashe ta nan take.

Maganar wahalar ɗorawa kuwa, yawanci ji ne kawai. Babu hotuna, i. Amma tambayoyi ne a rubuce, mafi yawansu Enter za ka danna, cikin 'yan mintoci ka gama.

Baba Audu: Injiniya, ka gama? To ni mai gyara ne a Kano, tambayata ta 'yan kasuwa ce. Ka gama danna Enter ɗin, sai me ya bayyana a gaban yaro ɗan shekara goma sha biyu?

Injiniya Bashir: Baba, akwai tsarin taga da take zuwa da shi, mai sauƙi ne dai. In ana son irin wanda aka saba, sai a ɗora allon aiki na Xfce da umarnin pkg_add, a gyara fayil ɗaya ko biyu.

Baba Audu: Yauwa, “a gyara fayil ɗaya ko biyu”. Sau goma. Bari in lissafa maka abin da ke zuwa teburina. Na farko wayafai. EliteBook ɗin nan ba kati iri ɗaya ke cikinsu ba, wani Intel, wani Broadcom, ya danganta da inda aka kwaso su. Na Intel ma a OpenBSD sai ka sauko masa da ƴar manhajarsa daga intanet, alhali intanet ɗin kake nema. Sai dai ka ja waya daga rauta ko ka jona wayarka ta kebul. Na biyu Bluetooth, babu ita sam, sun cire ta tun 2014. Na uku firinta da sikana na ofis. Na huɗu, wanda ya fi damuna, wuta. Tsarin faifan OpenBSD ba ya ajiye rijistar abin da yake cikin rubutawa. A ɗauke wuta yana tsakar aiki, in ya tashi sai ya tsaya binciken faifai, wani lokaci ya tsaya cak yana jiran mutum ya ba shi amsa da rubutu. Malam Sani yana aji, wa zai amsa masa?

Injiniya Bashir: Laftof ne fa Baba, suna da batir.

Baba Audu: Tokumbo? Batirin da ke riƙe minti biyar? Ka tambayi Malam.

Malam Sani: Gaskiya Baba ya faɗa. Huɗu daga ciki da zarar an zare caja suke mutuwa.

Zainab: Ni ba na musun komai a tarihin da Injiniya ya kawo, ina girmama mutanen OpenBSD ƙwarai. Amma a duba maganar “sau biyu kacal” ɗin da kyau. Tana magana ne a kan asalin tsarin, kafin ka ƙara komai. Malam kuwa zai ƙara burauza da LibreOffice da mai buɗe PDF da mai kunna bidiyo, kuma waɗannan ba 'yan OpenBSD suka rubuta su ba, ba kuma a bi su layi-layi kamar asalin tsarin ba. Ta nan ɓarna ke shigowa kwamfutar ɗalibi, ba ta tashar da wani zai ƙwanƙwasa daga Rasha ba.

Injiniya Bashir: Hajiya, a nan ma akwai bambanci. Firefox da Chromium na OpenBSD an ɗaure su da pledge da unveil. Ko an fasa burauzar, abin da take gani a gidanka bai wuce jakar Downloads ba. Wace Linux ce ke ba ka haka ba tare da ka wahala ba?

Zainab: Haka ne, kuma abu ne mai kyau. Amma ka kwatanta ranar da za a ce yara su ɗora hoton fasfo a wani shafin rajista. Yaro ya ajiye hoton a jakar hotuna, ya danna wurin zaɓo fayil, jakar ba ta ma bayyana ba. Yara goma sun ɗaga hannu lokaci guda. Kai ka san dalili, za ka ce a mayar da hoton Downloads. Malamin da ya karɓi ajin ranar da Malam Sani ba ya nan, cewa zai yi kwamfutocin sun lalace, washegari ka tarar an kai su kasuwa an zuba musu Windows ta sata. Daga nan kuma ina tsaron?

Abin da nake so Malam ya auna shi ne tsawon tallafi, don shi ne ainihin aikin da zai hau kansa. OpenBSD na fitar da sabon zubi duk wata shida, kuma biyun ƙarshe kawai ake yi wa gyara, wato shekara guda ke gare ka. Fedora kusan wata goma sha uku. Ubuntu mai dogon zango, irin 24.04, shekara biyar. Linux Mint 22 da aka gina a kanta tana samun gyara har 2029. Debian ma, in aka haɗa da ƙarin zangonta, wajen shekara biyar. Mutum ɗaya, kwamfuta goma sha ɗaya, ga aji. Wanda zai tilasta masa babban sauyi kowace shekara, a shekara ta biyu za a bar shi ba sabuntawa, kuma OpenBSD da aka daina sabuntawa ba ta kai Mint da ake sabuntawa kowane mako ba.

Injiniya Bashir: A OpenBSD sysupgrade umarni ɗaya ne tak, ya sauko da komai ya sake tashi.

Zainab: Na sani, kuma ya fi na Ubuntu tsabta. Sai dai bayansa akwai sabunta sauran manhajojin, da karanta takardar abin da ya canza. Kai kana jin daɗin karanta ta.

Musa Maraɗi: Salamu alaikum. Ina biye da ku daga nan Maraɗi. Ku sa kuɗin data a lissafi. Fayil ɗin ɗora Ubuntu 24.04 ya kusa giga 6. Na Mint wajen rabin haka. Ƙaramin na Debian bai kai giga ɗaya ba, amma shi sauran kayan yake jawowa daga intanet yayin ɗorawa, to in kwamfuta goma ce ka biya sau goma. Gara a sauko da cikakke sau ɗaya a zuba a filashi. Ni Ventoy nake amfani da ita: ka shirya filashin sau ɗaya, sai ka riƙa jefa fayilolin a ciki kamar waƙa, in kwamfuta ta tashi ta tambaye ka wanne kake so. Da haka Malam zai iya gwada Mint da Debian da Fedora a kan kowace laftof ba tare da ya taɓa faifanta ba, ya ga ko wayafai da sauti da kyamara suna aiki.

Wani abu kuma, ban da maganar tsaro. A jerin allunan rubutu na Linux akwai na Hausa, na Najeriya da na Gana, mai ɓ da ɗ da ƙ. Mu nan da yawan injinanmu AZERTY ne na Faransa, sai an ɗan daidaita, amma ku naku zai hau kai tsaye.

Malam Sani: Wannan na haruffa ya yi mini daɗi, malamin Hausa ya daɗe yana ƙorafi.

Abba: Amma ba Mint ɗin nan aka taɓa yi wa kutse ba?

Zainab: Ita ce. A Fabrairun 2016 aka fasa shafinsu, aka karkatar da mahaɗin saukarwa zuwa wani gurɓataccen zubi na 17.3 Cinnamon mai ƙofar baya. Wanda ya sauke a ranar ya ɗora, ya ɗora wa kansa ɓarawo. An gano da wuri, amma abin ya faru. Shi ya sa duk abin da Malam zai sauke, ya duba lambar SHA256 ɗinsa. Dogon jeren haruffa da lambobi ne da masu manhajar ke wallafawa. Kai ma ka sa kwamfutarka ta lissafa na fayil ɗin da ke hannunka, in harafi ɗaya ya saɓa ka goge shi. Wanda ya fi wannan shi ne duba sa hannun GPG, don wanda ya iya canza fayil a shafi zai iya canza lambar ma. Kada kuma a karɓi filashin “ga Linux nan na zuba maka” daga hannun wanda ba a san inda ya samo ba.

Baba Audu: Ko daga hannuna?

Zainab: Ko daga hannunka Baba, sai an duba 😄

Usman: Ni a wurin aiki Fedora muke amfani da ita, kuma in ana maganar tsaro tun daga ɗorawa, ta fi dangin Ubuntu. SELinux, mai taƙaita abin da kowace manhaja za ta iya taɓawa, a kunne take kuma tana hanawa da gaske, ba gargaɗi kawai ba. Katangar firewalld a kunne. Ubuntu da Mint kuwa katangarsu, ufw, tana ciki amma a kashe take zuwa, mutane da yawa ba su ma sani ba.

Zainab: Gaskiya ne a kashe take. A Mint dai maɓalli ɗaya ne, yana cikin allon maraba da ke buɗewa ranar farko. Kuma Usman, ka duba katangar Fedora ta kwamfutar tebur, tashoshin da ke sama da 1024 a buɗe ta bar su don kada manhajojin raba fayil su riƙa maƙalewa. Kowa da inda ya sassauta saboda sauƙi. Ubuntu da Mint da Debian suna da AppArmor a madadin SELinux. Ba ta kai ta tsanani ba, amma in ta hana abu, mutum zai iya karanta dalilin ya gane.

Katangar nan ba ado ba ce. A Satumbar 2024 aka bayyana kafa a cups-browsed, ƴar manhajar da ke neman firinta a hanyar sadarwa, tana sauraro a tasha ta 631. Wanda ke kan wayafai ɗaya da kai zai iya cusa maka firintar ƙarya, ranar da ka aika mata aiki ta gudanar da umarninsa. A makaranta, inda kowa ke kan rauta ɗaya, irin wannan ne abin tsoro.

Injiniya Bashir: Kuma a OpenBSD abin ba ya ma cikin asalin tsarin, balle ya saurara. Abin da nake faɗa kenan tun farko. Ga sudo, manhajar da ke ara wa ƙaramin asusu ikon root a Linux: a Janairun 2021 kamfanin Qualys ya nuna kafar da kowane ƙaramin asusu zai bi ya zama root, ta kusa shekara goma tana kwance a ciki. Shekara guda bayan haka suka sake nuna irinta a polkit, wata manhajar ba da izini, ita tun 2009. OpenBSD ta riga ta maye gurbin sudo da doas tun 2015, ƙaramar manhaja da mutum ɗaya zai iya karance ta a zama guda. A Yulin 2024 aka samu babbar kafa a OpenSSH da ta shafi sabobin Linux, OpenBSD ba ta shafe ta ba. Ba sa'a ba ce, tsari ne.

Zainab: Ban ƙi ba. To bari in kawo nawa misalin, xz, manhajar matse fayil. A ƙarshen Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga SSH a injin gwajinsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi, sai ga ƙofar baya a xz 5.6.0 da 5.6.1. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimako kamar mutumin kirki har aka ba shi amanar aikin, sannan ya dasa ta. Wa ta kai wa? Masu gudun gaba: Debian ta gwaji, Fedora Rawhide da zubin gwaji na 40, openSUSE Tumbleweed, da Kali ɗinka Abba. Debian tsayayya da Ubuntu mai dogon zango ba ta iso su ba, don su tsohon zubi suke riƙe da shi suna yi masa faci kawai. Jinkirin da ake yi wa Debian dariya a kai, ranar shi ya tsare ta.

Injiniya Bashir: Hajiya, in za a tuna wa Debian alheri a tuna mata 2008. Wani mai kula da kunshin OpenSSL nasu ya cire layukan da yake ganin ba su da amfani a 2006, ashe su ke samar da bazuwar lambobi. Kusan shekara biyu duk makullin da aka ƙera a Debian da Ubuntu yana cikin ƴan dubu talatin da biyu da ɗoriya da kowa zai iya lissafowa. Tsayayyar ce fa, ba ta gwaji ba.

Zainab: Ya faru, kuma mummuna ne. Babu wanda hannunsa ke da tsabta a wannan fage. Amma ka lura, duk waɗannan da muka lissafa, maganinsu ɗaya ne ga mai amfani: faci ya fito, ka ɗora. Shi ya sa tambayar da na fi damuwa da ita ita ce, a wane tsari ne facin zai hau kwamfutocin Malam ko da ya manta? Ubuntu tana ɗora facin tsaro da kanta. A Mint sai ka shiga saitin manajan sabuntawa ka kunna na kai-tsaye, sau ɗaya. A Debian ka ɗora unattended-upgrades.

Halima: Ku yi haƙuri in shigo. Ba wanda ya ambaci Qubes da Tails, alhali su ake ba mu shawara a aikin jarida.

Usman: Yaya Halima, su na wata buƙata ce daban. Qubes, wadda Joanna Rutkowska ta fara, tana raba kwamfuta gida-gida a kan Xen: banki a ɗaki ɗaya, saƙonnin baƙi a wani, in an fasa ɗaya sauran suna nan. Amma giga 16 na ram ake so ta samu, mai giga 4 ko tashi ba za ta yi da kyau ba. Tails kuma daga filashi take tashi, komai ta Tor, hanyar ɓoye sawu a intanet, yake bi, in ka kashe ta manta komai. Ga ɗan jarida mai kare majiyarsa ta yi. Ga ɗalibin da ake so aikinsa na jiya ya tarar da shi yau, ba ta yi ba.

Abba: Arch fa? Kar ku ce ita ma a'a.

Usman: Ka ɗora a taka ka koya, za ka ƙaru sosai. Amma rumbun manhajojinta na AUR kowa ke iya zuba kaya, a Yulin 2025 ma an tsinci kunshi uku masu sunan burauza ɗauke da manhajar leƙen asiri. Ba na makaranta ba ce.

Baba Audu: Kun yi ta maganar Rasha da Jia wane. Ni abin da na gani da idona a makarantu da ofisoshi uku ne. Sata, filashi, da kalmar sirri guda da kowa ya sani har mai gadi. Kun sa ƙofar ƙarfe kun bar makulli a jikinta. Malam Sani, ko wanne ka zaɓa, ka yi asusu biyu a kowace laftof: naka mai iko, da na ɗalibai wanda ba ya iya ɗora komai. Kada kalmar sirrinka ta zama sunan makaranta da shekara. Ka shiga BIOS, saitin injin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, ka sa mata kalmar sirri, ka hana tashi daga filashi, in ba haka ba yaro mai wayo irin Abba zai zo da nasa ya tsallake duk abin da ka gina.

Abba: Baba ni kuma me na yi 😂

Baba Audu: Ba ka yi ba tukuna.

Zainab: Kwamfutar ofis ita ce mai buƙatar kulle faifai. Lokacin ɗorawa, Mint da Ubuntu da Debian da Fedora duk suna tambaya ko a rufe faifan da LUKS, zaɓi ne da za ka yi a wurin. In an sace kwamfutar, ɓarawo ya samu ƙarfe, bai samu lambobin iyaye ba. Amma Malam ka ji da kyau: in kalmar ta ɓace, babu mai gyaran da zai buɗe maka, ko Baba. A rubuta ta a takarda, a rufe a ambulan, shugaban makaranta ya ajiye. Kuma a samu faifan waje a riƙa kwafe sakamakon jarrabawa duk mako, shi ma a kulle, a ajiye shi a wani ɗaki daban. Timeshift da Mint ke zuwa da ita tsarin take maidowa in sabuntawa ta ɓata wani abu, ba ta adana takardunka, mutane suna yawan ruɗewa a nan. Na ɗalibai ban ga amfanin kulle su ba, sai ƙarin kalmar da za a manta kowace safiya.

Injiniya Bashir: Don a sani dai, mai ɗora OpenBSD ma yana tambayar kulle faifai tun zubi na 7.3.

Usman: Ta ofis ɗin ni da FreeBSD zan so a sa, saboda tsarin faifanta na ZFS. Tana lissafa sahihancin kowane ɓangaren bayani, ɗaukewar wuta ba ta rikita ta, kuma kana iya ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya cikin daƙiƙa ka koma gare shi in an goge abu. Netflix da FreeBSD take tura bidiyo. Sai dai ba ta zuwa da allon aiki, kai za ka haɗa.

Zainab: Ga sabar ajiya na yarda. Amma wannan kwamfutar sakatare ke zama a gabanta yana buga wasiƙa yana fitarwa a firinta. A bar shi da abu ɗaya da na yara, don in matsala ta taso amsa ɗaya ta wadatar.

Malam Sani: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Ga inda na tsaya: Mint mai Xfce a kan duka, saboda masu giga 4. Zan gwada daga filashi tukuna kamar yadda Musa ya ce. Katanga a kunne, sabuntawa ta kai-tsaye, asusu biyu, ta ofis a kulle. Injiniya, ThinkPad ɗaya zan ware in ɗora OpenBSD in koya a hankali, don maganarka ta shige ni. Abin da ya rage mini shi ne data. In goma sha ɗaya za su riƙa sabunta kansu, ai kuɗin makaranta ba zai ɗauka ba.

Injiniya Bashir: ThinkPad ka zaɓa daidai, ita yawancin masu rubuta OpenBSD ke riƙewa, kusan komai nata yana aiki. Ka fara da karanta afterboot, shafin jagora ne da ke cikinta. In ka saba, wurin da za ta fi yi maka amfani shi ne tsakanin rauta da ɗakin kwamfuta, tana tace abin da ke shiga da fita da pf. A can babu firinta babu Bluetooth, Baba ba shi da abin cewa.

Baba Audu: Sai wuta.

Injiniya Bashir: Sai a saya mata batir.

Musa Maraɗi: Maganar data akwai magani, apt-cacher-ng. Ka ɗora ta a kwamfuta ɗaya da ke yawan zama a kunne, ka nuna wa sauran adireshinta a saitin apt, manhajar da ke ɗora kaya da faci a Mint, layi ɗaya ne. Ta farko da ta nemi faci za a sauko da shi daga intanet a ajiye, sauran su ɗauka daga cikin gida. Tunda duk Mint ɗaya ce, kusan kuɗin kwamfuta ɗaya za ka biya. Ka dai lura da manhajojin Flatpak, su ba ta wannan hanyar suke bi ba kuma suna da nauyi, gara ka tsaya a kan na rumbun apt in akwai.

Zainab: Kuma ba ta rage tsaro, don kowace kwamfuta tana duba sa hannun rumbun da kanta kafin ta ɗora. Ko wani ya taɓa abin da ke ajiye a tsakiya, za a ƙi karɓa.

Malam Sani: Madalla. Akwai abin da zan duba kafin in fara ranar Asabar?

Baba Audu: Biyu. In mai ɗorawar ya ce bai ga faifai ba, ka shiga BIOS ka mayar da saitin faifan daga RAID zuwa AHCI. Na biyu agogo. Tsofaffin injinan nan ƙaramin batirin da ke kan allon uwa ya mutu a da yawansu, in babban batirin ma ya mutu, duk sanda aka zare wuta kwanan wata ya koma shekarun baya. Daga nan burauza ta ce takardar shaidar kowane shafi ba ta da inganci, apt kuma ta ƙi sabuntawa ta ce lokacin fayil ɗin bai yi ba tukuna. Intanet kan gyara agogon bayan an jona, amma ba kullum yake yi da wuri ba. Ka kunna kowacce, ka duba kwanan wata a BIOS, ka zare caja da batir na minti biyu, ka sake dubawa. Wadda ta manta, a canza mata. CR2032 ne, amma na laftof yawanci a naɗe yake da ƴar waya mai filogi, don haka ka ciro tsohon ka tafi da shi kasuwa a ba ka irinsa.